Ranar da Sakin-Layi Ya Hura Bututu

Kaf garin nan babu mai ƙaunar rayukan jama'a kamar Shugaban Kwamitin Kiyaye Haɗurran Hanya. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma wa ya fi shi sani? Ma'aikatansa na kiransa Sakin-Layi, don ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya kawo sashe da sakin layi. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka manna masa a ƙofar ofis.

Wata tara ya kwashe yana tsara dokar hukunta masu tuƙi cikin maye. Doka kuwa ta amsa sunanta. Duk wanda aka kama, a ƙwace lasisinsa nan take. Ba shi ba sitiyari sai ya zauna aji na mako shida a gaban Shugaba, ya kuma ci jarrabawar da Shugaba zai tsara, Shugaba ya duba. Babu ɗaukaka ƙara, babu "a yi haƙuri".

"Jarrabawata," in ji shi ga 'yan jarida yana gyara tabarau, "ba a haifi mashayin da zai ci ta ba. Ku rubuta ku ajiye."

Ranar ƙaddamarwa aka tare titi da rana tsaka, aka jera kujeru, 'yan jarida suka yi dafifi. Sakin-Layi da kansa ya tuƙo, wai direba ba ya fito da martabar mota. Tukunyar fulawa biyu ya murƙushe kafin ya sami birki. Uwargida na gefensa rungume da filas ɗin shayinsa, irin shayin nan da ba ya tururi, wanda yake kurɓa don buɗe murya. Da yake jawabin ranar shafi arba'in ne, murya ta buɗu sosai.

Aka fito da na'urar gwajin numfashi mai gano wanda ya sha giya. Wani direban tasi aka shirya zai fara hurawa. Amma ina! Hoton farko a jarida ya zama na direban tasi? Sakin-Layi ya yi wuf ya fizge bututun.

"Jama'a, ku kalli yadda ake yi!" Ya cika kumatu ya hura.

Na'ura ta kawo ja, ta ɗauki ihu kamar an taka wa kyanwa wutsiya.

"Ta lalace," in ji shi.

Kofur ɗin da ke riƙe da ita ya hura, kore. Direban tasi ya hura, kore. Uwargida ma ta taɓa, kore shar. Shugaba ya sake gwadawa, ihun ya fi na ɗazu.

"Ranka ya daɗe," in ji kofur, "sashe na huɗu ya ce…"

"Sakin layi na biyu!" Shugaba ya daka masa tsawa, don ba ya jure a karanto dokarsa rabi da rabi. "A ƙwace lasisi nan take, ko na uban waye!"

Sai da ya rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Jama'a kuwa har sun fara tafi.

Haka aji ya buɗe da ɗalibi ɗaya tal, Shugaba da kansa. Ya tsaya gaban allo ya jefa tambaya, ya zagayo ya zauna a benci ya ɗaga hannu. Ranar da ya makara, kansa ya kora waje na rabin awa. Duk wannan bai dame shi ba kamar tuƙin uwargida, wadda keke ma ke wuce ta, ga rediyo sai tashar da ta ga dama. Wallahi lasisin nan yake so kamar ya yi kuka.

Ranar jarrabawa ya amsa komai daidai, to ba shi ya tsara ba? Ya koma kujerar malami, ya zare jan biro. Ɗari bisa ɗari. Lasisi ya dawo ke nan.

Sai ya tuna cewa 'yan jarida sun rubuta sun ajiye. Yanzu a ce mashayi ya ci jarrabawarsa, a zama ɗaya? Ya dubi takardar, ya dubi makullin motar da uwargida ke kaɗawa a bakin ƙofa. Ya danna biro ya rubuta: "Ya faɗi. Ya maimaita aji."

Ya fito yana baza kafaɗa. "Albishirinki! Martabar jarrabawa ta tsira."

"Madalla, maigida," in ji ta. "Shiga baya. Na sa kayan cefane a gaba."