Ranar da Na Zama Idon Kawu Bukar

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na kai Kawu Bukar wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe, wanda 'yan lise, wato makarantar sakandare, suka shirya a wani fili cikin garin Gure. Kawu yayan mahaifiyata ne, ya daɗe da rasa ganinsa, kuma jikarsa Falmata ce za ta rera babbar waƙar wasan. Ta ƙi rera masa ita a gida, ta ce sai dai ya zo ya ji tare da jama'a. Shi kuwa babu maƙwabcin da bai shaida wa ba cewa zai je jin muryar "amaryarsa".

Ni mutum ne mai son tsari (matata tana da wani sunan da take kiran wannan hali, ba zan kawo shi nan ba). Na riga kowa isa, na zagaya filin kamar mai neman wurin haƙa rijiya. Na duba inuwa, na duba nisan ƙofa, sannan na yanke hukunci cewa babu inda ya dace da dattijo marar gani sai kujerun gaba, can gefe, dab da makaɗa.

"Ɗana, da ka kai ni tsakiya," in ji Kawu. "Kunne ba ya son kusa."

"Kawu, ai na yi nazari," na ce. (Allah ya yafe mini wannan magana.)

Abin da nazarin bai gano ba shi ne mikro ɗin, wato makirufo, da aka ajiye wa mai algaita a kan kujera, dab da gwiwata. Amsa-kuwwar kuwa can bayan taro aka rataye su, ga ganguna a kunnena.

Da aka fara, sai na ɗora wa kaina aikin da ba wanda ya ba ni, wato in zama idon Kawu. Na sunkuya, na ɗaga murya don in rinjayi kiɗa, na shiga bayani irin na malamin da ya saba da aji.

"Ga mai wasan maigari ya fito. Gemunsa na auduga ne, ya karkace, yana shirin komawa kunne."

Jama'a suka fashe da dariya. Na ce a raina, lallai yaran nan sun iya wasa. Kawu ya ja hannun rigata. Na ɗauka ƙarin bayani yake nema, na ƙara.

"Direktan lise na gefenmu, barci ya sace shi, baki buɗe."

Dariya ta koma ihu, har da guɗa. Direkta ya farka a firgice yana tafi. Kawu ya mintsine ni a cinya. Na ce, Allah sarki, tsoho na jin daɗi.

Sai ga Falmata. Kiɗa ya lafa, ta ja numfashi ta ɗauki waƙa, ni kuma ban ajiye tawa ba.

"Ga amaryarka nan, Kawu. Ta yi kyau ƙwarai, sai dai gwiwoyinta na rawa kamar na ɗan akuya sabon haihuwa."

A wannan karon na ji muryata ta dawo mini daga bayan fili, da girma, da natsuwa, kamar mai karanta labarai a rediyo. Falmata ta tsaya cak. Ta dube ni, ta gyara mikro ɗinta, ta kira ni kawu da Faransanci.

"Tonton, in ka gama, zan ci gaba."

Mata suka riƙe ciki. Mai algaita ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Kawu, wanda kafaɗunsa ke girgiza, ya sunkuyo kan mikro ɗin mai algaita da gangan, ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Ni ne makahon, amma shi aka kawo ba jagora."

Aka sake waƙar tun daga farko. Dariyar ta kori tsoron yarinyar, muryarta ta fita tsaf, Kawu ya saurara kai a sunkuye, hannunsa ɗaya a kan bakina har ta dire.

Na koyi cewa mutumin da ya zo sauraro, babban taimakon da za ka yi masa shi ne ka yi shiru. In kuma dattijo ya mintsine ka a taro, kada ka ɗauka yabo ne.