Jinkar Da Wuta Ba Ta Ci

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da Nasara ya kafa mana dokar wuta a Matameye, kuma ko na so in manta mutanen garin ba za su bar ni ba. Kowa da yadda yake ba da labarin, har waɗanda a lokacin ba a yi auren iyayensu ba. To ga nawa, ni da abin ya faru a kaina.

Lokacin Faransawa ba su daɗe da kama ƙasar ba. Ni kuwa ina matashin magini, na koyi sana'ar a hannun kawuna Tanko, wanda shi ne sarkin maginan garin. Na iya aiki, wannan ko maƙiyina ya shaida. Abin da ban iya ba shi ne kame bakina.

Da bazarar shekarar gobara ta tashi a kasuwa da rana tsaka. Daga rumfa ɗaya ta fara, kafin a jawo ruwa a rijiya ta lashe rumfunan, ta tsallaka danga ta faɗa gidajen da ke kewaye, ta cinye rumbuna da hatsin da ke ciki. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma akwai gidajen da ba su sake ƙoshi ba sai da kaka ta yi.

Ba a jima ba kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya zo rangadi daga Damagaram, shi da tafintansa da wani gardi, wato dogarin Nasara, mai jar hula. Tafintan ya ce a yarensu babban mutum Mushe ake ce masa, saboda haka mu ma haka za mu riƙa kiransa. (Ban taɓa ganin dokar da mutanen garinmu suka bi da daɗin rai kamar wannan ba.) Aka tara mu a ƙofar fada aka karanto mana sharuɗɗa. Tsakanin rumbu da ɗakin kwana a bar taku goma. Kada a sake hura murhu a jikin danga. Kowace ƙofar gida a ajiye tulu cike da ruwa da tsibin rairayi. Yanzu da furfura ta cika mini kai na yarda duk wannan hankali ne, amma a ranar ko da wuƙa a wuyana ba zan faɗa ba.

Sharaɗi na ƙarshe shi ya tayar da hankalin jama'a. Ya ce duk ɗakin jinka da ke unguwar kasuwa a sauke shi, ko dai a yi rufin soro ko a tashi daga wurin. Shi kuwa soro sai da azara, azara kuma sai an sari giginya daga nesa an ɗauko. Attajiri zai iya. Tsohuwar da ke kwana a ɗaki ɗaya da tukwanenta fa?

Cikin irin waɗannan tsofaffi har da surukata, Inna Hajo, mahaifiyar matata. Mijinta ya rasu, ɗakinta yana bakin kasuwa, a ƙofarsa take tuyar ƙosai tana ci da kanta. Tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba. In na hango ta a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa, ita kuma ta kau da kai ta amsa gaisuwar tana kallon bango. Mace ce mai kunya da kamun kai, kuma na san in aka rushe ɗakin nan ba za ta taɓa yarda ta dawo gidan suruki da zama ba.

Ban san sa'ad da na miƙe ba. Kawu yana jan gefen rigata, ni kuwa baki ya riga ya buɗe. Na ce wa tafinta ya gaya wa Mushe, ba jinka ce mai laifi ba, rashin sanin yadda ake yin ta ne, kuma ni nan zan yi jinkar da wuta ba ta ci. (Gaskiyar magana, har lokacin da nake faɗin haka ban san yadda za a yi ta ba.) Kumandan ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce zai wuce Kance da Yauri, in ya juyo zai ga abin da idonsa. In ta yi, zai sake shawara. In ba ta yi ba, ni da hannuna zan sauke jinkokin unguwar ɗaya bayan ɗaya.

A hanyar gida, da muka kai ƙofarsa, Kawu ya ce mini shi dai tun da yake bai taɓa jin an yi sulhu tsakanin wuta da ciyawa ba, amma ga shi Allah ya ja kwanansa zai gani.

Na duƙufa. Da fari na yaɓe shuci da taɓo, ya yi nauyin da ko jaki ba zai ɗauka ba, da ya bushe kuma ya farfashe. Na gwada toka, na gwada kashin shanu, matata ta fara yi mini kallon wanda ya kamata a kai wa malamai. Daga baya na samo ƙasar suri mai laushi, na dama ta da ruwan makuba, irin wanda muke shafe bango da shi don kada ruwan sama ya ci, na riƙa tsoma shucin dami-dami ina shanyawa. Da ya bushe na kara masa bakin wuta. Ya yi baƙi, ya yi ɗan hayaƙi, wutar ta mutu. Na sake karawa, haka. Ranar da na ga wannan, tafiyata ma sai da ta sauya.

Na gina ɗan ƙaramin ɗaki a filin da gobara ta share, na ɗora masa sabuwar jinkata, na bi cikinta na shafe lumui, ko allura ba za ta wuce ba. Taga ban yi ba, don a ganina ɓata lokaci ne. Ƙyaure kuwa na karan dawa na ɗaura, da yake shi ne a kusa. Gardi, wanda kumandan ya bari a gari, ya zo ya ce doka ta ce sai da tulu a ƙofa. Na kawo tulu na girke, na rufe bakinsa da faifai, ko ɗigon ruwa ban zuba ba. Ɗakin da wuta ba ta ci me zai yi da ruwa? (Kuma a raina na ji kamar na ci Faransa da yaƙi.)

Kawu ya zo duba aiki. Ya shiga, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ta ina hayaƙi zai fita, tun da jinkar da muka gada ta cikin ciyawa take sakinsa. Na ce masa, "Kawu, a kan wuta na yi alkawari, ban yi a kan hayaƙi ba." Ya gyaɗa kai ya fita.

Ranar da kumandan ya juyo ta faɗo ranar kasuwa, da hantsi. Mutanen Ɗan Barto da ƙauyuka duk sun shigo, ga na gari, har bisa katangu an hau. Ni kuma na ci ado, na ari babbar riga da wando buje wurin wani maƙwabcina falke, wanda ya fi ni tsawo da kusan kamu guda, har ƙafar wandon tana share ƙasa. Can gefe Inna Hajo tana bakin kaskonta, ta juya wa taron baya kamar abin bai shafe ta ba.

Aka kafa wa Mushe kujera. Gardi ya ɗauko bakin wuta ya kara a gefen jinka. Shiru. Ya koma wani gefen ya kara, ya hura har idanunsa suka yi ja kamar hularsa. Jinka ta yi baƙi ta ƙi kamawa. Jama'a suka ɗauki guɗa da kabbara. Da a nan na tsaya, da yau da wani suna ake kirana.

Sai kumandan ya yi magana, tafinta ya juya ya ce Mushe ya ce wannan daga waje ne, alhali yawancin gobara daga cikin ɗaki take tashi. Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ta ƙona mini rai. Abin da hankali zai ba mutum shi ne a hura wuta a ciki a fito a tsaya kallo. Ni kuwa na ce a shigar mini da damin kara, zan kunna shi da hannuna, in ja ƙyaure, in zauna a ciki har ya cinye. Kawu ya kira sunana sau ɗaya. Na yi kamar ban ji ba. Kumandan ya zaro alimeti daga aljihunsa, irin tsinken nan nasu da ake ƙyastawa, ya miƙo mini yana murmushi.

Na shiga, na ja ƙyaure, har da ɗaure shi da igiya daga ciki don kada wani ya ce na leƙo shan iska. Na ƙyasta, kara ya kama, na zauna na harɗe ƙafa kamar malami a gaban ɗalibai.

Hayaƙi ya tashi ya bugi jinka, ya nemi hanya ya rasa, ya dawo kaina. Da fari na daure. Na ce a raina tari ba mutuwa ba ne, kuma gara in shaƙe da in fita Nasara ya yi mini dariya. Hawaye ya ɓalle, majina ta biyo baya, ban ƙara ganin ko tafin hannuna ba. Da na ga abin ya wuce wasa na miƙe in lalubi ƙofa, sai na taka ƙafar wandon aro na yi tuntuɓe na shuri damin. Garwashi ya watse. Rabi ya faɗa kan ƙyauren kara, wanda shi kaɗai ne hanyar fita, rabi kuma ya samu buje, shi kuwa buje yadi ne mai yawa.

Wanda bai taɓa jin wuta tana hawa ƙwaurinsa ba kada ya yi mini hukunci. Na fizge zariya, na zame wando na bar shi nan, na tattare riga na cire ta ta kai, na rufe ido na bangaje ƙyaure mai ci da wuta. Na faɗo waje daga ni sai ɗan bante, tartsatsi a gashina da kafaɗata, ina tsalle ina kiran sunayen Allah da na sani da waɗanda ban sani ba.

Gardi ya yi abin da doka ta koya masa. Ya ruga ya sunkuci tulu, ya ɗaga shi sama ya kifa mini a ka. Faifai ya faɗo, sai wani ɗan ƙadangare da ya samu masauki a ciki. Ruwa kam babu.

Wadda ta kashe wutar jikina Inna Hajo ce. Ban ga tasowarta ba, sai dai na ji wani abu mai sanyi da kauri ya sauko mini tun daga tsakiyar kai har gadon baya. Ƙullun ƙosanta ne, ƙwarya guda cur, da barkono da albasarsa. Na share ido na buɗe, sai ga mu fuska da fuska, ni da matar da shekara huɗu ban san launin idonta ba. Ta yi sauri ta kau da kai, ta cire mayafinta ta miƙa wa Kawu, ta ce a hankali, "Malam Tanko, a ba shi ya rufa."

Nan kasuwa ta fashe da dariya. Tafinta ya riƙe ciki, kumandan ya cire hularsa yana share hawaye, har matan da suka rufe fuska kafaɗunsu rawa suke yi. An watsa wa ɗakin rairayi, wutar ta mutu. Kowane mai kunya a matsayina gida zai nufa ya kwana bakwai bai leƙo ba.

Ni ban tafi ba. Na ɗaura mayafin surukata a ƙugu, barkono yana cin idona, na taka har gaban kujerar na nuna ɗakin da yatsa. Na ce wa tafinta, "In ya gama dariyar, ka ce masa ya ɗaga kai ya dubi jinkar. Wando ya ƙone, ƙyaure ya ƙone, ni ma na ɗan taɓu. Ita fa?"

Tana nan daram. Ta yi baƙi ƙirin, amma ko tsinke ɗaya bai ci ba. Kumandan ya tashi ya shiga, ya zunguri jinkar da sandarsa ta ko'ina, ya fito yana tari. Ya daɗe yana magana da tafinta, sannan aka sanar cewa wanda ba shi da halin soro an yarda ya yi irin wannan jinka, amma da sharaɗin a huda taga, a bar mafitar hayaƙi a sama, kada a sa ƙyauren kara, tulu kuma a riƙa buɗe shi ana dubawa. Wannan na ƙarshen da ya faɗa ni yake kallo.

Ba a rushe ɗakin Inna Hajo ba. Nata na fara yi, Kawu da kansa ya huda tagar, wanda ya fi zagi ciwo. A cikinsa ta zauna har Allah ya karɓi abinsa. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka, muka koma gaisuwarmu ta bango. Sai dai matata ta ce mini duk ranar da aka ambaci sunana tsohuwar tana cikin tuya, takan sunkuyar da kai ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Suna kuwa ya bi ni. Har yau Na-Ƙullu ake ce mini, jikokina ma haka suka taso suka ji. Su yi ta faɗa. Rabin masu dariyar a ƙarƙashin jinkata aka haife su, kuma gobara ta sake tashi a unguwar bayan 'yan shekaru, ta ci danga ta ci rumfa, ta zo kan ɗakunan ta tsaya. Ban janye ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa a ƙofar fada ba, kuma ba zan janye ba.

Abin da na koya dai shi ne, duk ɗakin da zan gina yanzu ƙofarsa nake fara aunawa, kuma da faɗin mutum mai gudu nake auna ta. Sannan in ka tabbata kai ne mai gaskiya, ka faɗe ta daga waje. Na gwada na gani, gaskiya ba ta ƙonewa, amma ta fi daɗin faɗa da wando a jiki.