An Kulle Mini Rijiya Saboda Fetur ɗin Alhaji

Ranar Talata da safe na ja ruwa zan yi wanka, sai guga ya fito yana ƙyalli, yana warin fetur. Matata Haulatu ta ce kada in kuskura in matso da shi kusa da murhu. Mahaifina ne ya haƙa rijiyar nan a garinmu Babban Mutum, ita muke sha, kuma ba mu da wata.

Ashe maƙwabcina Alhaji Kabo, Allah ya ƙara masa girma, ya binne tanki a bayan katangarmu yana jiran mai ya yi tsada. Tankin ya gaji da jira, ya huje.

Tun kafin a ƙaddamar da shari'a kowa a nan ya san ƙa'ida: in akuyarka ta yi ɓarna a gonar wani, ana ɗaure ta a ƙofar mai unguwa sai ka zo ka amsa laifi. Da wannan hujja na hau mota zuwa Daura, na tarar da Mai Girma Shugaban Kwamitin Jin Koke yana ɓarar gyaɗa. Ya tambaye ni ko da ƙafa fetur ɗin ya shigo. Na ce ta ƙarƙashin ƙasa ya biyo.

"To ina mai ɓarnar? Ka ɗauro shi?" in ji shi.

Wallahi raina ya ɓaci, amma na koma na cika jarka, na ɗaura mata igiya a wuya, na kawo. Aka kira Alhaji ya duba dabbarsa. Ya shinshina, ya ce bai santa ba, nasa ya fi wannan ja.

Nan Kwamiti ya nuna basira. Tunda babu mai shi, kuma a rijiyata aka same shi, ni ne mai ɓoye fetur. Suka zo da mota uku suka datse rijiyar da kwaɗo, bayan kowace mota ta sha ta ƙoshi don bincike.

Yanzu Haulatu tana layin ruwa a famfon Alhaji. Jiya kuma aka aiko mini da gargaɗi, wai warin rijiyata yana tsallake katanga yana damun sa. Duk mai igiyar ɗaure wari ya taimaka ya ara mini.