Malam Zumar Masara

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina koyarwa, wannan Asabar ɗin ba za ta fita daga kaina ba, kuma ko na so mantawa mutanen unguwarmu Rikoto ba za su bar ni ba.

Ni malamin kimiyya ne a wata firamare mai zaman kanta a nan Zuru (kimiyyar firamare dai, ta shuka wake a gwangwani da zana sassan fure, kada ka ɗauka wani babban abu ne). Maganar ta faro ne daga haƙorin ɗiyata Hafsa, lokacin tana aji ɗaya. Ta yi kwanaki tana kuka riƙe da kunci, ko tuwo ba ta iya taunawa, sai muka kai ta asibiti. Likitan ya haska bakinta, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Zaƙi ya yi wa yarinyar nan yawa." Aka cire haƙori ɗaya, aka ce wasu ma sun fara rami. Yadda ta ƙanƙame rigata lokacin da ake cirewa bai bar ni na ci abincin kirki ba ranar.

Mai hankali idan ya koma gida sai ya zauna ya duba me yarinyar ke ci, me take sha. Ni kuwa waya na ɗauka. Na yi ta lalube har na faɗa kan bidiyon wani bature sanye da farar riga, bayansa kanta cike da littattafai. Ya ce a ƙasarsu masana'antu na sarrafa masara su fitar da wani ruwan zaƙi mai kauri, mai arha, suna zuba shi cikin lemon kwalba da na kwali da biskit da alawa, kuma ana zarginsa da ƙibar yara da ciwon suga da lalata hanta. Na kalli wannan, waya ta kawo mini wani, na kalla, ta sake kawo wani. Kafin in ajiye ta na riga na samu abokin gaba. Ban taɓa sanin akwai daɗi haka a samun wanda za a ɗora wa laifi ba, musamman idan yana can ƙetaren teku.

Sunan abin da Turanci dogo ne, mai karya harshe. Na ce mutanenmu ba za su riƙe shi ba, don haka na raɗa masa na Hausa: zumar masara. Na ji daɗin sunan nan sosai. Na yi ta maimaita shi ina kan babur.

Daga ranar ofishin malamai ya shiga uku. Duk wanda ya buɗe lemo sai ya ji wa'azi. Madam Rifkatu, malamar aji uku, ta koma shan nata a bayan aji kamar mai laifi. Hedimasta, wanda nake zaton so yake kawai in bar masa ofis ya huta, ya ce tunda abin ya dame ni haka, zai ba ni fili in yi wa iyaye bayani a taron iyaye da malamai na ƙarshen zango.

Ana gobe taron na biya ta wani shago na sayi shaidu: lemon kwali irin wanda yara ke tsotsa da tsinke, da na roba, da ƙunshin biskit. Na zuba su a leda. Ban karanta jikinsu ba. Me zan karanta? Bature ya riga ya karanta mini.

Matata, Maman Hafsa, tana tsakar gida tana tace zobo na shigo da ledar. Sana'arta ke nan, tana ɗurawa a robobi ta sa a firij, lokacin hutun tara na yara ta kai bakin ƙofar makarantarmu a kular ƙanƙara. Ta dubi ledar, ta dube ni.

"Malam, wannan abin da kaka faɗi, ka tabbata akwai shi nan garin?"

Na ce mata ai matsalar mutanenmu ke nan, ba sa yarda da bincike. Ta ce to, Allah shi ba da sa'a, ta ci gaba da tatarta. (Na lura duk lokacin da ta ce Allah shi ba da sa'a da wannan muryar, ba a cika samun sa'ar ba.)

Taron ya faɗo ne daidai lokacin sabuwar masara. Ko'ina ka duba a gari ita ce, ana gasawa, ana dafawa, an shanya. Zauren makarantar ya cika. Akwai ma'aikata, akwai matan sojoji, akwai 'yan kasuwa, da iyayen da suka taso daga Dabai da ƙauyukan kusa, wasu da laka a takalmi don daga gona suka wuce. Shugaban iyaye wani tsohon soja ne da kowa ke kira Baba Saje, mutum mai ƙarancin magana, wanda ko zaune yake bayansa a miƙe. Aka zaunar da ni kusa da shi a babban tebur. Maman Hafsa kuwa tana can baya wajen ƙofa da kularta, don ranar taro ranar ciniki ce. Ta aiko wa babban tebur da roba ɗaya ɗaya, na kurɓi tawa don jiƙa maƙoshi.

Aka gama maganar rufin aji da na motar makaranta, aka miƙo mini makirufo. Na tashi na gyara hula.

Na fara da kyau, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Na ba da labarin haƙorin Hafsa, mata suka yi ta cewa Allah sarki. Ganin an saurara sai na ɗaga murya. Na ce akwai wata guba da ke shiga jikin 'ya'yanmu kullum ba mu sani ba, tana kumbura su, tana cin hantarsu, tana ruɓar da haƙoransu. Na dakata kaɗan kamar yadda baturen ke yi. Sannan na ce, "Sunanta zumar masara. Daga masara ake yin ta."

Sai gunaguni ya tashi daga baya. Abin da ban sani ba shi ne akwai wasu tsofaffi a bencin ƙarshe da suka zo a madadin iyayen jikokinsu, Hausarsu ba ta kai ta bi dogon bayani ba, wani yana fassara musu da harshensu na C'lela. Shi kuma mai fassarar ya ga jawabina ya yi tsawo, sai ya taƙaita. Daga baya aka gaya mini abin da ya isa kunnensu shi ne: Malam ya ce masara guba ce.

Wata dattijuwa ta miƙe, zanenta ɗaure a ƙirji, ta yi magana mai tsawo tana nuna ni da yatsa. Baba Saje ya saurara har ta gama, ya juyo gare ni.

"Ta ce ita da masara aka yaye ta, da ita ta yaye 'ya'yanta, kuma haƙoranta na nan, idan kana so ka zo ka ƙirga. Ta ce wace iri kake nufi, fara ko ja, don ta san wadda za ta zubar."

Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Wani mutum daga tsakiya ya ce shi bana masara kaɗai ya noma, idan wannan magana ta shiga kasuwa wa zai saya? Na shiga ɗaga hannu ina cewa a'a, ba masarar gona ba, ta masana'anta, wadda ake sarrafawa. Wani ya ce ita ta masana'antar a sama take tsirowa? 

Sai na tuna da ledata. Na zaro lemon kwalin na ɗaga sama yadda kowa zai gani. Na ce, "Ga inda take. Ba a tuwonku take ba, a cikin wannan take."

Zauren ya lafa. Na ji na dawo kan ƙafata. Baba Saje ya gyaɗa kai, ya ce cikin natsuwa, "To madalla. Karanto muna inda aka rubuta, Malam, kowa shi ji, don mu gane ta idan mun je shago."

Na juya kwalin. Rubutun ƙanana ne, na matso da shi kusa da ido. Na fara karantawa a makirufo ina fassarawa. Ruwa. Sukari. Ruwan 'ya'yan itace. Abin ƙara tsami. Abin ƙamshi. Na kai ƙarshen layi. Na koma farko a zuci. Na juya ɗaya gefen, babu komai sai hoton lemo yana murmushi.

Na ce wannan kamfanin dabam ne, na ɗauko na roba. Ruwa. Sukari. Kala. Na ajiye shi a hankali. Na ɗauko biskit. Fulawa. Sukari. Mai. Gishiri.

Ka san irin shirun da ake jin kukan akuya daga wata unguwa? Shi ne ya sauka. A nan ne ya kamata in ce jama'a ku gafarce ni, in zauna. Maimakon haka bakina ya buɗe da kansa ya ce, "Wataƙila ɓoyewa suka yi."

Na hango Madam Rifkatu ta rufe fuska da takardar jadawalin taro, kafaɗunta na girgiza.

Wadda ta tashi don ta cece ni wata ma'aikaciyar jinya ce, Sista Saratu, ɗanta yana ajina. Ta ce abin da Malam ya faɗa ba ƙarya ba ne, akwai wannan ruwan zaƙin, ya fi yawa a wasu ƙasashe, kuma ana iya samunsa a wasu kayan da ake shigowa da su, don haka karanta jikin kwali abu ne mai kyau. Amma, in ji ta, haƙorin yaro ba ruwansa da ko daga masara zaƙin ya fito ko daga rake. Yawan ne matsalar, da kuma shansa kullum. Na shiga gyaɗa kai da ƙarfi kamar dama abin da nake shirin faɗa ke nan. Har tafi na fara mata ni kaɗai.

Ta ci gaba, "Shi wannan lemon kwalin ma yara nawa ke samunsa? Sai ranar biki. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, mene ne yaranmu ke sha kowace rana da tara?"

Na rantse ba ta da wata manufa. Sabuwa ce a garin, ba ta san komai ba. Amma iyaye sun sani. Muryoyi suka haɗu daga kowane ɓangare, kamar 'yan aji na amsa tambaya.

"Zobon gidan Malam."

Kawuna suka juya baya wajen ƙofa. Ga Maman Hafsa tsaye, roba a hannu tana shirin miƙa wa wani. Daga nan kawunan suka dawo gaba, suka sauka kan robar da ke gabana a tebur, wadda na sha fiye da rabi.

Sista Saratu ta ga ta taka abin da ba ta yi niyya ba, sai ta so gyarawa. Ta ce ai zobo abu ne mai kyau, ya danganta ne da sukarin da aka sa. Ta tambaya da fara'a, "Maman Hafsa, kina sa da yawa ne?"

Na kafa wa matata ido daga nesa, ina roƙonta da duk abin da fuska ke iya faɗa. Ita kuwa mace ce da ba ta iya ƙarya ba, abin da na daɗe ina yaba mata a gaban mutane.

Ta ce, "Da kaɗan nika sawa. Malam ne ya ce ba shi jin daɗinsa, kamar magani, in ƙara. Shi ka ɗanɗana mini kullum kafin in ɗura."

Ban san Baba Saje na da dariya ba sai ranar. Ta fito masa ne a hankali, daga ciki, har sai da ya cire hula ya dafa tebur. Mai fassara ya isar wa bencin ƙarshe (wannan karon bai taƙaita komai ba), tsofaffin nan suka kwashe su ma. Hedimasta ya karɓe makirufo daga hannuna kamar mai karɓe wuƙa daga hannun yaro, ya ce a ci gaba da batu na gaba. Na zauna. Ban san inda zan sa idona ba, ga ƙishirwa ta kama ni, kuma abin sha ɗaya ne a gabana.

A hanyar gida ni na ɗauko kula a bayan babur, Maman Hafsa tana riƙe da ita. Muka kusa ƙofa. Sai ta ce, "Ka yi haƙuri, tambayata aka yi." Na ce na ji.

Abin ya taɓa cinikinta, wannan shi ya fi yi mini ciwo. Makon da aka dawo hutu wasu iyaye sun hana 'ya'yansu saya, ta riƙa dawowa da rabin kula. Ba ta yi mini gori ba, sai dai ta sallame ni daga aikin ɗanɗano. Ta rage sukarin sosai, ta ƙara citta da kanumfari da ɓawon abarba. Yara suka yi ta yamutsa fuska da farko, daga baya suka saba, iyaye kuma da suka ji labarin suka sake su. Hafsa ta koma shan roba ɗaya ranar Juma'a kawai, da wanke baki safe da dare ina tsaye a kanta. Sauran haƙoran aka cike su, ba a sake cire ko ɗaya ba.

Ni kuwa suna na samu. Yara suna kirana Malam a gabana, a bayana Malam Zumar Masara. Har takarda aka taɓa aiko wa makaranta da wannan sunan rubuce a bayanta, kuma ta iso hannuna ba tare da an tambayi kowa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yaƙi da abin da ke nesa ya fi sauƙi, don ba ya kwana a gidanka kuma ba ka son ɗanɗanonsa. Yanzu idan na ji wani abu na cutar da yara, kafin in nemi makirufo sai na fara leƙa madafinmu, in ga ko da hannuna a ciki. Yawanci akwai.