Jajen da na kai wa Bature kan Suwes

Ba zan taɓa mantawa da makon da za a sabunta mana iƙama, wato takardar izinin zama, ba, shekarata ta uku ina dafa shayi a wani ofishin jiragen ruwa a Jidda. An ce za a rage mutum biyu, kuma manajanmu, wani Baturen Ingila, shi zai zaɓa. Ni kuwa ko gaisuwa na manta ban yi ba, sai na wuni ina tuhumar kaina.

Ranar Asabar na je aski a unguwar Ruwais wajen wani tsoho Bamisire. Yana aski yana zuba labari, almakashi na rawa a hannunsa: Ingila ta kai wa Masar hari saboda mashigin Suwes, duniya ta yi mata ca, ta janye a kunyace. 'Yan majalisarsu suna ta yi wa juna ihu, fetur sai da kati a Landan, firayim minista ya kwanta ciwo ya ajiye mulki! Har bidiyo ya nuna mini. (Na ga hoton fari da baƙi ne, na ɗauka wayarsa ce ta tsufa.) Da yake a ofis kullum zancen jiragen da suka daina bin Suwes ake yi, ban yi shakka ba.

Na fito ina ta lissafi. Ƙasar mutum ta shiga wannan hali, shugabansu a kwance, kuma kwana nawa ina miƙa masa shayi ban ce masa sannu ba? A garinmu ko akuyarka ta ɓata sai an zo maka jaje. Na ce shi ke nan, ya riga ya sa ni a layin marasa tarbiyya. Amma kuma wani daɗi ya kama ni, don duk ofishin ni zan fara zuwa.

Lahadi na sa farar jallabiyata, na sayi dabino mai kyau a kasuwar Bab Makka. Na roƙi Usman direba, haifaffen Jidda da ke jin Turanci, ya yi mini tafinta. Ya ce, "Yalla, Baba, amma jajen me?" Na ce ya dai fassara.

Na shiga ana tsakiyar taro, mutum takwas a zaune. Na ajiye dabinon, na rusuna, na ce mun ji abin da ya faru a Suwes, Allah ya ba firayim minista lafiya, ya sa fetur ya wadata. Usman ya fassara rabi ya tsaya yana kallona.

Bature ya cire tabarau. Ta bakin Usman ya ce, "Na gode. Amma lokacin da aka yi wannan, mahaifina yana firamare."

Dariyar da aka yi, har masu gadi sai da suka leƙo. Na nemi ƙofa na rasa.

Shi Baturen bai yi dariya sosai ba. Ya ce kakansa da ƙanen kakan sun yi shekaru ba sa magana saboda wannan rigimar, ɗaya na cewa an yi daidai, ɗaya na cewa abin kunya ne, kuma ba wanda ya taɓa yi wa gidansu jaje sai ni. Ya ɗauki dabino ya ci.

An sabunta mini iƙama, halas, magana ta ƙare. Sai dai har yau Hajji Suwes ake kirana. Yanzu ko rasuwa aka faɗa mini, kafin in ce Allah ya jiƙansa sai na tambaya a wace shekara.