Ranar da na rufe wa kasuwa baki

Na dawo daga Yamai da sabon ilimi: ɗaukar sauti yadda mai saurare zai ji kamar yana tsakiyar wurin. Na ce lallai duniya ta ji hayaniyar kasuwar Dogon Dutsi. Aikin yana son kan mutum-mutumi mai makirufo a kowane kunne. Ba ni da shi, amma ai ina da basira. Na samo duma, na liƙa masa kunnuwan roba, na cusa makirufo a cikinsu, na zana masa idanu don kyau, na kafa shi kan sanda a tsakar kasuwa, na laɓe ina saurare.

Kasuwa ta yi tsit. Mahauta suka aje wuƙa, 'yan kabu-kabu suka sake hanya. Daga dama a'uzubillahi nake ji, daga hagu takun gudu. Can wata tsohuwa ta durƙusa da ƙwaryar nono, ta ɗauka Doguwa ce, aljanar bori, ta raɗa wa duman: "Inna, ki maido mani akuyata." Sautin kuwa ya fita tangaran.

Har yau in na ratsa tasha sai an ɗaga murya: "Sarkin bori! Doguwar taka ta sha nono, ko a sa ta caji?"