Ba a ɓare takarda sai Mai Girma ya zo

Ranar Laraba ina layin mai da babur ɗina. Na yi awa uku, saura mutum shida a gabana, sai wata farar mota ta tsaya kusa da ni, gilashi ya sauka. Malam Zailani ne, sakataren wani kwamiti da ba zan faɗi sunansa ba, don sunan ya fi aikin tsawo.

"Injiniya, kai nake nema. Shigo."

"Ranka ya daɗe, saura mutum shida."

"Aikin ƙasa ne."

Na bar layi. Daga baya na ji man ya ƙare a kan mutum na huɗu, saboda haka ba zan ce ƙasa ta cuce ni ba.

Shekara bakwai na yi a Turkiyya ina karatun gini. Tun da na dawo Daura babu wanda ya ba ni ko katangar banɗaki, amma ana kirana Injiniya kyauta. Wannan karon an tuna da ni ne saboda an bincika gari, an gano ni kaɗai na taɓa shiga wurin ninƙaya na fito da raina.

Ga waɗanda ba su sani ba, Mai Girma Uban Ƙaddamarwa, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya gano cewa abin da ya fi damun mutanen garin nan shi ne rashin wurin iyo. Ni da nake bin 'yan garuwa kullum da safe na ɗauka wani abu ne daban, amma shi daga bene yake kallo, dole ya fi ni hange. Aka haƙa rami a bayan wani masaukin baƙi, aka zuba kankare, aka yo odar tayil ɗin gilashi daga waje, ƙanana kamar farcen babban yatsa. Unguwa ta raɗa wa wurin suna Kududdufin Mai Girma.

Wanda ya manna tayil ɗin maƙwabcina ne, Malam Ya'u. Shekara ashirin yana wannan sana'a. Ya yi masallatai a Baure da Dutsi, har yau ko tayil ɗaya bai ɗago ba.

A cikin mota Malam Zailani ya miƙo mini takarda. An riga an buga ta tsaf. Ta ce aikin Ya'u bai yi ba, layuka sun karkace, a fasa a sake. Sa hannuna kawai ya rage.

"Ai ban ga aikin ba tukuna."

"Shi ya sa za mu je ka gani, kada a ce ba ka gani ba."

Kowa a gari ya san surukin Malam Zailani ɗan kwangila ne, kuma kwanan nan aka gan shi yana sayen guduma. Ni kuma na san in na sa hannu, Ya'u ya gama. Labari zai kai Mashi kafin la'asar, kuma ba mai sake ba shi ko bakin rariya ya gyara. Yana da baki tara a gida. Ina jin su ta katanga.

Muka isa. An ce mini tayil ɗin shuɗi ne. Na leƙa, na ga rami mai launin ruwan ƙasa tun daga baki har gindi, kamar an juye buhun siminti. Ya'u na tsugune a gefe yana sakace.

"Malam Ya'u, ina tayil ɗin?"

"Yana ciki, Injiniya. Ka san shi da lulluɓi."

Irin wannan tayil, shafi-shafi yake zuwa, an jera shi an manna masa takarda a fuska. Sai ka shafa farin siminti, ka danna shafin, ka ɗan jira, ka jiƙa takardar da soso ka ɓare. Sannan ne za ka ga abin da ka yi, daga baya ka cike tsakanin ƙwayoyin. Takardar ba ado ba ce. Shara ce.

"Me ya hana ka ɓarewa?"

"Ranar da na fara, Mai Girma ya zo zagaye, ya gan ni da soso. Ya ce wa ya ba ni izinin buɗewa. Na ce ranka ya daɗe haka aikin yake. Ya ce kaya daga waje suka zo a rufe, a rufe jama'a za su gan su ranar buki. Sai na mayar da sosona aljihu. Da hannu na riƙa laluben layi, kamar mai neman allura a tabarma. Wata uku ke nan."

Ban zargi Mai Girma ba. Ɗanmu ne. Mu ne muke barin leda a jikin kujera har yaron da aka haifa a shekarar ya shiga makaranta. Yayata Ikilima ta yi shekara shida da firiji, har yau kwali na ƙarƙashinsa, kuma wanda ya taɓa lambar jikin ƙofar zai ji tarihin kakanninsa.

Na juya wurin sakatare.

"Ranka ya daɗe, ta ina kuka ga layi ya karkace?"

"Kwamiti ya zauna."

"A cikin ramin?"

"Injiniya, Turkiyya ta ƙara maka baki."

Abin da aka koya mini bai da yawa. Ka duba layi da ido. Ka shafa da tafin hannu, in wata ƙwaya ta fi 'yar'uwarta tudu za ta yanke ƙafar mai iyo. Ka ƙwanƙwasa, in ya yi ƙarar gwangwani babu siminti a baya. Ka kuma nemi inda shafi ya haɗu da shafi. In ka samu, mai aikin bai iya ba. Babu malamin da ya koya mini yin haka ta bayan takarda.

Na ari butar maigadi, na sauka cikin ramin, na zuba ruwa a bango kamar faɗin faifai biyu. Na jira. Na kama gefe na ja.

Shuɗi ne, irin na rigar da aka fito da ita daga marina yau. Layi a miƙe. Na shafa, sumul. Na ƙwanƙwasa da makullin babur, ƙara a cike. Na nemi mahaɗa, sai da Ya'u ya nuna mini da tsinken sakace.

Malam Zailani ya tsaya a bakin rami, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ka san abin da ka yi?"

"Na duba aiki."

"Ka ƙaddamar. Kai, da buta. Mai Girma yana raye."

Aka tura maigadi ya nemo tsohon buhun siminti da gam, aka sa Ya'u ya rufe wurin da hannunsa. Ni kuma na juya takardar sakatare na rubuta a bayanta: na duba faɗin faifai biyu, aiki ne mai kyau, sauran ban gani ba, takardar kuma an manna ta daidai. Na sa hannu.

Ya karanta, ya ninke.

"Akwai injiniyoyi a Katsina. Litinin wani zai zo."

Bai mayar da ni a mota ba. Ni da Ya'u muka tako a ƙasa.

"Injiniya, da ka sa hannun ma ba zan riƙe ka ba."

"Da ka riƙe ni. Katanga ɗaya muke."

"Haka ne. Da na riƙe ka."

Ranar Asabar bayan azahar hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwan farko, awa biyu cur. Babu wanda ya sanar da hadarin cewa Mai Girma bai zo ba. Takarda ta jiƙe, ta sulale ta taru a gindin rami kamar tuwon da ya kwana. Kafin la'asar rabin unguwa na kan katangar masaukin, kowa ya ɗaga waya. Shuɗi daga baki har ƙasa, layi kamar an ja da zare. Har wani tsoho ya tambaya ko za a bari a yi sallah a ciki.

Injiniyan Katsina bai zo ba. Abin da gari ya gani ya ɗauka a waya, da wuya a ce ya karkace. Ranar Litinin sanarwa ta fito cewa kyawun aikin ya samo asali ne daga sa ido na musamman da Mai Girma ya yi. Babu sunan Ya'u a ciki, amma mutum uku sun riga sun ƙwanƙwasa masa ƙofa, ɗaya tun daga Mashi. Ya ce a ba shi kwana uku ya cike tsakanin ƙwayoyin kafin ruwa ya shiga bayansu. An kafa ƙaramin kwamiti ya duba buƙatar. Surukin sakatare kuma ya sami kwangilar kwashe takarda. Gudumar tana nan, an ce bai cire mata leda ba.

Ruwan da ya taru a ramin ya kai gwiwa. Maigadi na barin mata su ɗiba da safe, in sun gaishe shi da kyau. Ikilima ta ce gam ɗin takardar ya narke a ciki, wanki da shi ba ya buƙatar sitaci. Rigar da ke jikina yanzu tsaye take da kanta.

Saboda haka masu cewa Mai Girma bai taɓa kawo mana ruwa ba su ji tsoron Allah. Wannan ne aikin ruwa na farko a unguwarmu da aka je da bokiti aka dawo da shi da nauyi. Fatana kawai kada a ƙaddamar da shi.